Da Wane Mudu Mai Sana'a Zai Auna Kansa?

Kowace shekara, idan lokacin sallamar 'yan aji shida ya ƙarato, mukan bi su ɗaya ɗaya muna tambayar abin da suke so su zama, domin a rubuta a ƙarƙashin hotunansu cikin wannan mujalla. Amsoshin da muka saba ji ba su da yawa: likita, lauya, injiniya, akanta, soja. Amma a 'yan shekarun nan wata irin amsa ta fara yawaita. Wannan ta ce ɗinki za ta yi, ta buɗe shagon kanta. Wancan ya ce ɗaukar hoto. Akwai mai son yin takalma, da mai gashin kek na biki, da mai kiɗa. Sau da yawa sukan faɗa da ƙaramar murya, gama sun san maganar da ke jiransu a gida. Saboda su ne muka ɗauki alƙalami bana, da kuma iyayensu, waɗanda muka san su ma suna karanta waɗannan shafuffuka.

A gidajen da muka tashi, idan an ce wane ya yi nasara, kowa ya san abin da ake nufi. Yaro ya yi karatu, ya sami takarda, gwamnati ko kamfani ya ɗauke shi, wata ya yi a ba shi albashi, ya tsufa a ba shi fansho. In Allah ya ɗaga shi ya sayi Fijo irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna, ya zo da ita gida lokacin Kirsimeti, yara su bi ta a guje. Ba mu ga laifin iyayenmu ba. Sun sha wuyar fartanya, sun ga shekarun da damina ta ƙi, saboda haka abin da ke zuwa kowane wata babu fashi ya fi musu kome daraja. Sai dai mun rayu mun ga wannan ma ba dutse ba ne. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta tsaya a 2002, sauran masaƙun suka bi bayanta, dubban magidanta da suka yi shekaru a bakin inji suka wayi gari ƙofa a garƙame.

Duk da haka aikin albashi yana da abu guda wanda sana'a ba ta da shi, watau tsani. Mu malamai mun san shi sarai. A aikin gwamnati mai takardar NCE yakan fara a mataki na 7, mai digiri a mataki na 8, sa'an nan a yi ta hawa. Ma'aikaci ba sai ya zauna ya tambayi kansa ko yana cin gaba ba, takardar ƙarin girma za ta gaya masa. Mai sana'a kuwa, tun ranar da ya kafa kekensa a shago, babu wanda zai zo ya ce masa ga mataki na gaba. Tilas ya yi wa kansa mudun da zai auna kansa da shi. In bai yi ba, zai ari na maƙwabci, mudun aro kuwa bai taɓa cika wa kowa ba.

Ku ciro takardar naira 20 ku juya bayanta. Matar nan da kuke gani tana aikin tukunya, sunanta Ladi Kwali, hotonta yana nan tun 2007. An haife ta wajen 1925 a garin Kwali, ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke ce wa Gwari, a cikin yankin da ya zama Babban Birnin Tarayya a yau. Ba ta shiga aji irin wanda kuke zaune a ciki ba. Ginin tukwane ta koya tun tana yarinya a wurin wata 'yar'uwar iyayenta, yadda matan wurin suke koya. Babu inji, babu faifai mai juyawa. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, maginiyar ce take kewaya ta, tana murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa, tana ja da yatsa, tana bubbugawa da ɗan katako har bakin ya daidaita. Kafin ta bushe sai a zana mata ado. Ladi takan zana ƙadangare, da kunama, da kada, da hawainiya, da maciji, da kifi, da tsuntsu. Daga nan a tara ciyawa da itace a fili a gasa.

Hannunta ya fita dabam, har Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Suleiman Barau, ya tara tukwanenta a gidansa don ado. (Ga 'yan ƙananan azuzuwa: Abujar da ake nufi a nan ita ce garin da muke kira Suleja yanzu. Da aka ba sabon babban birni sunan, sai aka raɗa wa tsohon garin sunan wannan Sarki.) A gidan Sarki ne wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, wanda gwamnati ta ɗauka don ya raya sana'ar tukwane, ya ga aikinta a 1950. Ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a garin, a 1954 kuma Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi gini a kan faifai, ta yi kwanuka da kofuna da farantai. Aka nuna kayanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ta je Ingila ta yi gini a gaban jama'a, ta je Faransa da Jamus, a 1972 ta je Amurka. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dokta a 1977, Nijeriya ta ba ta lambar yabo ta ƙwararru a 1980 da ta OON a 1981. Ta rasu a Minna a 1984.

Wannan shi ne labarin da akan bayar ranar raba kyaututtuka, a tafa, a tashi. Amma akwai wani ɓangare nasa da ya fi jan hankalinmu, wanda muka sha yin gardama a kansa a ɗakin malamai.

Duk wanda ya sha ruwan randa ya san sanyinsa, amma ba kowa ya san dalili ba. Randar gargajiya da aka gasa a fili tana da 'yan ƙananan ƙofofi a jikinta waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yakan tsattsafo ta cikinsu, iska ta busar da shi, bushewar nan kuwa ita ke janye zafi daga ruwan da ke ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. To, a makarantar Cardew an sāke yumɓun, an shafe tukwanen da wani ruwa mai sa ƙyalli irin na tangaran, an gasa su cikin tanderu da zafin da ya wuce digiri 1,200. Suka fito da kyau ƙwarai, suka yi ƙarfi kamar dutse. Amma ƙofofin nan sun toshe. Randar ta daina gumi, saboda haka ta daina sanyaya ruwa, ga nauyi, ga tsadar da matar ƙauye ba za ta taɓa iya biya ba. Randar da ta kai Ladi Kwali Landan ba ta da amfani a tsakar gidan da aka haife ta.

Wasu abokan aikinmu suka ce wannan hasara ce, an ɗauke abin talakawa an mai da shi abin kallon masu kuɗi. Wasu suka ce ina hasara a nan, mace ta fito daga ƙauye ta ɗaga sunan ƙasa. Mu a namu gani, duka biyu sun tsallake wani abu. Ko da yake ta iya faifai, manyan tukwanenta da hannu ta ci gaba da gina su, tana kewayawa kamar yadda aka koya mata tana yarinya, da ƙadangarunta da kunamunta. Yumɓu ya sāke, wuta ta sāke, mai saye ya sāke, amma duk wanda ya ɗauki tukunyar ya san hannun Ladi ne. Wannan ne abin da yake nata, ta kuwa riƙe shi. A 1974 wata yarinya 'yar Kenya, Magdalene Odundo, ta zo daga Ingila inda take karatu, ta zauna a makarantar ta koyi ginin hannu a wurinta da sauran matan wurin. Yau tana cikin manyan maginan tukwane na duniya, ba ta kuma ɓoye inda ta koyo ba.

Sa'an nan dole mu faɗi wata gaskiya domin kada ɗalibanmu su ruɗi kansu. Ladi Kwali ba ita ta nemo wa kanta kasuwar Landan ba. Makarantar ta gwamnati ce, tanderun na gwamnati ne, Cardew ne ya san masu shagunan nuna kaya a Ingila. Da Sarki bai ajiye tukwanenta inda baƙo zai gani ba, da baƙon bai zo a shekarar da ya zo ba, da wataƙila ba mu taɓa jin sunanta ba, alhali kuwa hannunta yana nan yadda yake. Mata nawa ne a ƙasar Gbagyi, da Nupe, da kan dutsen Jos, suka yi gini mai kyau duk rayuwarsu babu wanda ya ɗauki hotonsu? Shin sun fāɗi ke nan? Matar da randarta ba ta yoyo, wadda masu saye ke tsallake rumfa uku a kasuwa su zo wurinta, wadda da kuɗin tulu da kasko ta biya wa 'ya'yanta makaranta, wa zai iya duban idonta ya ce ba ta yi nasara ba? Wasunmu da ke riƙe da alli a yau, da irin wannan kuɗin aka saya mana littafin farko. Suna abu ne mai daɗi in ya zo, amma mabuɗinsa yana hannun wasu, mutum kuwa ba ya auna kansa da abin da ba ya hannunsa.

Ita kanta takardar naira 20 ɗin, yau da ƙyar ta sayi ledar ruwa guda. Tukwanen kuwa suna gidajen tarihi a Landan da Washington, idan kuma aka yi gwanjon ɗaya a Turai dubban fam ake biya, kuɗin da ke shiga aljihun wanda ya mallaki tukunyar.

Abin da ya sa muka daɗe a kan wannan magana shi ne wayar da ke aljihunku. A zamanin Ladi mutum yakan gwada kansa da maginan ƙauyensu, su biyar ko shida. Ku kuwa kuna buɗe Instagram ko TikTok ku ga tela a Legas da shago mai gilashi, ga motarsa, ga dubban mabiya. Ba ku ga bashin da ke kansa, ba ku ga shekarun da ya yi yana ɗinkin kwaskwarima a bakin titi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mun san wani tsohon ɗalibinmu mai ɗaukar hoto, gwani ne ƙwarai, wanda ya ci bashi ya kama shago a bakin babban titi don kawai wani abokinsa ya yi haka, alhali duk aikinsa a wuraren biki yake yi, babu mai zuwa shagon. Shekara guda kuɗin haya ya cinye na'urar hotonsa. Ba rashin gwaninta ya kā da shi ba, mudun wani ya ɗauka.

Ga wata kuma, wadda ta bar makarantar nan fiye da shekara goma da suka wuce. Tela ce. Kekunan ɗinki biyu take da su, da yara mata uku masu koyo, a wani ɗaki da ke jikin gidansu. Wata shekara aka zo mata da kwangilar ɗinka kayan makaranta masu yawa, irin aikin da kowa zai ce kakarta ta yanke saƙa. Ta roƙi mako guda ta yi tunani, sa'an nan ta ce ta gode, ba za ta karɓa ba. Danginta suka yi ta faɗa, mu ma da muka ji mun yi mamaki, sai da muka zauna da ita. Ta ce ta yi lissafi. Domin ta cika alkawarin sai ta ƙara kekuna huɗu da bashi, ta ɗauki teloli waɗanda ba ta san aikinsu ba, ta jira biya har bayan watanni. Kuma ko da duk wannan ya tafi daidai, za ta wuni tana ƙirga riguna iri ɗaya, ba ta yanka ba, ba ta zana ba. Ita kuwa abin da ya kawo ta ɗinki shi ne ta dubi mace, ta dubi atamfa, ta san yadda za su dace. Ta gaya mana abin da take auna kanta da shi, muka rubuta domin ya burge mu: ta ci ta sha daga kekenta ba tare da bashi ba, kada rigar da ba ta gamsu da ita ba ta fita daga shagonta, kuma kowace shekara biyu ta yaye yarinya ɗaya wadda za ta iya tsayawa da ƙafarta.

Kada a ce muna yabon ƙanƙanta. Wani ɗan ajinsu kafinta ne, ya fara da benci ɗaya a gindin mangwaro, yau yana da ma'aikata fiye da goma, ya kuma ce mana ya manta rabonsa da riƙe zarto. Bai damu ba ko kaɗan. Shi abin da yake ƙirgawa shi ne gidaje nawa ne ake ɗora tukunya saboda shagonsa. Da aka kawo masa irin waccan kwangila, da hannu biyu zai karɓa, ya kuwa yi daidai. Abin da ya haɗa su biyun shi ne kowannensu ya san abin da yake nema tun kafin a zo a yi masa tayi.

Amma fa duk mudun da mutum zai yi wa kansa, gindinsa ɗaya ne: sana'ar ta ciyar da mai ita. Wanda ke kwana da yunwa yana cewa shi mai fasaha ne, ba zai daɗe ba zai sayar da keken. A nan ne yawancin yaranmu suke tuntuɓe, gama hannu ya iya aiki amma ba a koyi lissafi ba. Yarinya za ta gasa kek, ta ƙirga fulawa da sukari da ƙwai, ta ɗora ɗan abu a kai, ta ce ta ci riba. Ba ta ƙirga gas ba, ba ta ƙirga kuɗin mota zuwa kasuwa ba, ba ta ƙirga tsufan tanda ba, ba ta kuma ƙirga sa'o'i shida da ta yi a tsaye ba. Ladan hannunka yana cikin kuɗin kaya, ba riba ba ne, riba sai abin da ya ragu bayan ka biya kanka. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, duk mai aiki da janareta ya ga yadda farashin da ya yanka a farkon shekara yakan zama hasara kafin ƙarshenta. Littafin rubutu guda na ƙananan azuzuwa ya isa: shafin hagu abin da ya fita, shafin dama abin da ya shigo, kowace rana, ko da naira ɗari ce. Kuɗin shago dabam, kuɗin cefane dabam. Kuma a karɓi kafin alƙalami kafin a sa almakashi a yadin kowa. An shigar da darussan sana'a cikin manhajar babbar sakandare tun 2011, muna murna da haka, amma mun lura ɗalibi yakan ci jarrabawar ɗinki da kyau bai taɓa yanka wa riga farashi ba. Wannan aiki ne da ke gabanmu mu malamai.

Muna da 'yar magana kuma da iyaye da 'yan'uwa, da fatan ba za a ji haushinmu ba. Mu ne kasuwar farko ta yaran nan, mu ne kuma muke fara karya su. Mukan kai ɗinki wurin baƙo mu biya ba gardama, amma in 'yarmu ce sai mu ce ai ta gida ce, a yi mana ragi, ko kuwa a rubuta sai ƙarshen wata, watan da ba ya zuwa. In an tashi ɗinkin anko na zumuntar mata ko rigunan mawaƙa, sai a ce ta yi don taimako. Taimako yana da kyau in mai shi ne ya yi niyya, amma ita ma fa zare saye take yi. Bayan shekara biyu idan shagon ya rufe, mu ne za mu fara cewa dā ma mun faɗa, sana'a ba ta riƙe mutum. Iyaye kuma, in yaro ya zo muku da wannan magana, maimakon faɗa ku tambaye shi a wurin wa zai koya, shekara nawa, me zai ci kafin shagon ya tsaya, wa zai sayi kayan. In yana da amsa, ku saurare shi. In ba shi da ita, kun taimake shi fiye da yadda tsawa za ta yi. Ba mu kuma ce kowa ya bar karatu ba. Wanda ya sami gurbin jami'a ko kwaleji ya tafi, keken ɗinki yana shiga ɗakin kwanan ɗalibai, mun kuwa san waɗanda da shi suka biya kuɗin makaranta.

Ita telar nan tamu tana da wata al'ada da ta sa wasu ke ce mata mai girman kai. Idan tsakiyar watan Nuwamba ta yi, takan rufe littafin ɗinkin Kirsimeti. Ta san riguna nawa hannunta da na yaranta za su iya gamawa da kyau, in adadin ya cika, ko matar wa ce ta zo sai ta ba ta haƙuri ta nuna mata wani shagon. Kowa ya san yadda sauran shaguna suke a makon Kirsimeti: yadi tsibi har rufi, tela yana kwana a kan keke da fitilar waya, yaron shago yana cewa maigida ya fita alhali yana bayan labule, riguna suna fita hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ita kuwa ranar 22 ga Disamba take ba da rigar ƙarshe, ta sallami yaranta da ɗan abin biki su tafi garuruwansu, ta share shago, ta zuba wa kekunan mai ta lulluɓe su. Bara, da muka bi ta ƙofar gidansu ranar jajibiri da yamma, mun same ta a tsakar gida tana suyar cincin da ƙannenta.